Leda Ba Firji Ba Ce: Yankakkun Kayan Marmari a Ƙasar Karaye da Rogo

A Zoza da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Rogo, haka ma a Karaye, yankakkiyar kankana cikin farar leda ta zama abin da ido ya saba gani, musamman da bazara da kuma cikin watan azumi. Mai tebur ko mai baro yakan fasa kankana tun da hantsi, ya yayyanka, ya ɗaure kowane yanki a ledarsa, ya jera su yana jiran masu saye. Haka ake yi wa gwanda, haka ake yi wa abarbar da ake sarowa daga kasuwar 'Yan Lemo ta Kano, haka ake yi wa raken da aka fere aka sassara, har da kabeji da karas da kokwamba da ake yankawa don masu haɗa salak. Da zarar mai saye ya ga leda sai hankalinsa ya kwanta, domin a wurinsa abin da aka rufe ya fi wanda aka bari a buɗe tsafta. Zaton nasa yana da gaskiya, amma rabinta. Leda tana tare ƙura da ƙuda, sai dai ba ta hana ruɓewa, ba ta kuma kashe ƙwayar cuta ko guda ɗaya. Abu biyu ne suke tsare yankakken ɗan itace, sanyi da gajeren lokaci. Tunda sanyi ba ya samuwa a teburin bakin titi, lokaci ne kaɗai ya rage a hannunmu, kuma duk mai maganar a hana leda ko a inganta ta, in bai taɓo wannan ba, ya bar jaki yana dukan taiki.

Sai an san abin da wuƙa take yi wa ɗan itace kafin a gane iyakar leda. Kankana ko gwanda ba ta mutuwa don an cire ta daga jikin uwarta. Tana ci gaba da numfashi, tana shaƙar iskar oksijin, tana ƙona sukarin da ke jikinta, tana fitar da iskar kabon dayoksaid da ruwa da ɗan zafi. Ɓawonta shi yake rage gudun wannan aiki, shi yake tsare ruwanta, shi kuma yake hana ƙwayoyin cuta isa ga tsokarta. Kankanar da ba a fasa ba takan yi kwanaki a inuwa ba ta canza ba. Da an sa mata wuƙa lissafi ya sauya: numfashinta ya ƙaru saboda raunin da aka yi mata, ruwa mai zaƙi ya tsattsafo a fuskar yankan, tsoka ta fara laushi, waɗansu 'ya'yan itatuwa da kayan lambu kuma su fara duhu saboda haɗuwarsu da iska. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, duk abin da ke bayan ɓawo, na ƙasar gona da taki da hannuwan da suka ɗora ta a mota suka sauke, wuƙa ta kwaso shi ta shafa a ciki. Kankana kuwa a ƙasa take kwance tun tana ƙarama har ta nuna. Kusan kashi 92 cikin 100 na jikinta ruwa ne, tana da sukari, ba ta da tsami. Wannan rashin tsamin shi ne abin lura, domin yawancin ƙwayoyin da ke kawo gudawa ba sa iya yaɗuwa a wuri mai tsami sosai. Shi ya sa abarba da lemo suka fi kankana da gwanda da rake sauƙin haɗari, ko da a tebur ɗaya aka jera su, da wuƙa ɗaya aka yanka su.

Ita kuwa ledar da muke ɗaurawa, sinadarin da ake kira folitin ce, wanda aka gano a wani kamfani a Ingila a 1933, aka kuma fara yin jakar cefane da shi a Suwidin cikin shekarun 1960. Halinta guda biyu ne suka shafe mu. Tana tare ruwa ƙwarai, shi ya sa yankakken karas ba ya yaushi a cikinta ko da iskar hunturu tana kaɗawa. Amma tare ruwan nan yana nufin duk tururin da ɗan itacen ya fitar yana nan ciki, ya taru a jikin ledar kamar zufa, ya koma ya jiƙa abincin. In kuma aka ajiye ta a rana, haske ya ratsa ta ya dumama abin da ke ciki, zafin bai samu hanyar fita da sauri ba. Wuri mai ɗumi, mai laima, mai zaƙi, shi ne duk abin da ƙwayar cuta take nema. Akwai kuma matsalar iska: idan an ɗaure bakin leda tam cikin zafi, ɗan itacen yakan cinye oksijin ɗin da ke ciki da sauri fiye da yadda sabo yake ratsowa, sai ya koma tsima. Daga nan ne tsamin raken da ya wuni a leda yake fitowa, da warin da yankakken kabeji yake bugo mutum da shi in an kwance.

Wani zai ce ai a Turai da Amurka, har ma a manyan kantunan Kano da Abuja, yankakkun kayan marmari a cikin roba ake sayar da su, kuma suna yin kwanaki. Haka ne, amma a dubi inda aka ajiye su. Kamfanonin da ke wannan sana'a suna zaɓen leda gwargwadon numfashin abin da za a zuba, wata mai kauri, wata mai ƙananan hujoji da ido ba ya gani, don oksijin ya ragu a ciki ba tare da ya ƙare ba, kabon dayoksaid kuma ya ɗan ƙaru, numfashin ya lafa. Waɗansu a roba mai tauri mai murfi ake zuba su don kada su murƙushe. Duk wannan dabarar an gina ta ne a kan sharaɗi guda, cewa kayan za su zauna a sanyin da bai wuce digiri 5 a ma'aunin Salshiyas ba, daga masana'anta zuwa mota, daga mota zuwa kanti. Dalili kuwa, duk ƙarin digiri 10 yana ninka numfashin ɗan itace sau biyu zuwa uku, don haka ledar da aka auna don firji ba ta da amfani a wajensa. Ƙa'idar abinci ta hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa yankakkiyar kankana da danginta, da yankakken tumatir da yankakken ganye, cikin abincin da dole a ajiye a digiri 5 ko ƙasa da haka. In babu sanyi, ƙa'idar ta ba da awa 4, bayan haka a zubar. Ba ta ce komai ba game da rangwame don an sa leda. Kuma duk da wannan tsari, a 2018 yankakkun kankana da danginta da aka sayar cikin robobi masu kyan gani sun sa wa mutum 77 cutar Salmonela a jihohi 9 na Amurka. Robar ba ta yi laifi ba, ba ta kuma yi ceto ba.

To, a dawo gida. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a ƙasar Kano yakan kai digiri 40 ko kusa da haka, kuma shekarun baya-bayan nan azumi ya yi ta faɗowa a wannan tsakanin, lokacin da kasuwar kankana ta fi ci. Ƙwayoyin cuta irin su Salmonela sun fi saurin yaɗuwa a zafin jikin ɗan Adam, wajen digiri 37, inda sukan ninka kansu cikin ƙasa da rabin awa in sun samu abinci. A ɗauka rabin awar ce. Ƙwaya 100 da wuƙa ta shafa wa yankan kankana da ƙarfe goma sha biyu da rabi na rana za su iya haura 400,000 kafin a sha ruwa da ƙarfe shida da rabi. Lissafi ne na takarda, ba kullum abin yake tafiya daidai haka ba, amma ya isa ya nuna cewa tsakanin kankanar da aka yanka yanzu da wadda aka yanka ɗazu akwai tazara mai girma, alhali a ido duk ɗaya suke. Ga kuma hanyoyin da ƙwayoyin suke shigowa tun farko, waɗanda kowa ya sani: bokitin ruwa guda da ake tsoma wuƙa da tsumma a ciki tun safe, hannun da yake karɓar kuɗi shi yake ɗaukar yanka, ruwan da ake yayyafa wa kabeji da latas don su yi shar ba a san daga inda aka ɗebo shi ba, sannan ga al'adar hura leda da baki don ta buɗe. Wannan ta ƙarshe ita ce mafi sauƙin dainawa, ita ce kuma aka fi raina wa.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce mun daɗe muna sha ba abin da ya same mu. Amsar ita ce yana samunmu, sai dai ba ma danganta shi da inda ya fito. Ciwon cikin da abinci ya jawo ba lallai ya taso nan take ba. Salmonela takan ɗauki awa 6 har zuwa kwanaki kafin ta nuna kanta, taifod kuwa mako ɗaya zuwa uku. Kafin nan mutum ya ci abu goma, sai ya ce zafi ne, ko shawara, ko canjin ruwa. Babba mai ƙarfi yakan yi kwana biyu ya miƙe, amma yaro ƙarami da mai juna biyu da tsoho ba haka abin yake musu ba, kuma su ne ake fara miƙa wa yankan kankana in an shigo da ita gida. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ya nuna cewa a nahiyar Afirka mutum wajen miliyan 91 suke kamuwa da ciwo ta hanyar abinci duk shekara, wajen 137,000 kuma suke mutuwa. A 2021 annobar kwalara ta kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 3,000, Kano tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Ba ana cewa kankana ce ta kawo wannan ba, gurɓataccen ruwa shi ne uban tafiya. Amma ɗan itacen da ake ci ɗanye, wanda aka wanke ko aka yayyafa wa wannan ruwan, hanya ce da cutar take bi, domin ba zai ga wuta ba kafin ya shiga baki.

Akwai masu tsoro ta wani ɓangaren, masu cewa haɗarin leda shi ne gubar da take zubawa a abinci. A nan ya kamata a yi adalci. Sinadaran roba sun fi narkewa su shiga abinci in akwai zafi mai yawa da maiƙo da daɗewa. Kankana ba ta da maiƙo, ba a dafa ta, kuma awanni kaɗan take yi a ciki. Sabuwar farar ledar folitin ba ta cikin robobin da ake zuba wa sinadarin laushi da yawa, saɓanin siririyar ledar nan mai ɗamewa da ake yi da PVC. Wanda yake son ya damu da guba, ya fara da alalar da ake dafawa a leda, da koko da tuwo da miya mai zafi da ake ƙullawa a ciki. Inda maganar take da ƙarfi shi ne baƙar leda, wadda sau da yawa daga tsofaffin robobin da aka narka ake yin ta, ba kuma wanda zai iya faɗin abin da suka taɓa ɗauka. Ita ba ta dace ta taɓa abincin da aka fere ba, zafi ko sanyi. Amma a kan farar leda da yankakkiyar kankana, abin da zai kwantar da mutum a asibiti gobe ƙwayar cuta ce, kuma yawan maganar guba yana kawar da ido daga kanta.

Sai masu cewa a hana leda baki ɗaya. Dalilansu ba na wasa ba ne, a ƙasar noma da kiwo irin ta Rogo da Karaye ma sun fi na birni nauyi. Ledar da aka ɗaure kankana ko rake tana ɗauke da zaƙi, akuya da tunkiya da saniya suna bin ta suna haɗiyewa, ta taru a tumbi ba ta narkewa, dabba ta yi ta ramewa tana ci ba ta ƙiba. Mahauta sun san abin da suke tararwa in sun farke ciki. Tana bin takin bola zuwa gona, garma ta yi ta tono ta shekara da shekaru. Tana toshe magudanan ruwa da damina, sauran kuma ruwa ya ja ta zuwa rafuka da fadamu, a ƙasar da madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992, take ciyar da masunta da masu noman rani. Ƙasashe sun gwada hanin: Bangaladash a 2002, Ruwanda a 2008, Kenya a 2017. Jihar Legas ta hana robar tekawe mai kama da soso a Janairun 2024. Jamhuriyar Nijar ta yi dokarta tun 2014, amma wanda ya shiga kasuwar Maraɗi ya san leda ba ta je ko'ina ba. Darasin da ke nan shi ne doka ba ta korar abin da ba a samar wa madadi ba. Kuma a kan yankakken ɗan itace, in aka cire leda aka bar komai yadda yake, an ƙara ƙuda da ƙurar mota a kan matsalar da ake da ita. Ko Faransa, da ta hana naɗe kayan marmari a roba a Janairun 2022, waɗanda ba a yanka ba dokar ta nufa. Wannan rarrabewar ita ce daidai. Lemo da ayaba da mangwaro da goba da rake mai ɓawonsa ba sa bukatar leda, mu ne muka saba karɓa. A nan ne za a iya rage tarin ledar ba tare da an cutar da kowa ba.

Idan sanyi ne maganin, me zai hana a kawo sanyin? Ana ƙoƙari. Kamfanin ColdHubs, wanda aka kafa a 2015, yana gina ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana a kasuwannin kayan gwari, kuma firiza mai sola ta fara shiga garuruwa. Amma ɗakin sanyi na dillali ne mai kwanduna, ba na yaron da jarinsa kankana biyar ba ne. Dabarar randa cikin randa, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000, tana tsawaita kwanan tumatir da yalo da ganye in iska a bushe take, sai dai ba ta sauko da sanyi zuwa digiri 5, don haka ta kayan da ba a yanka ba ce. Abin da ya fi kusa da mai tebur shi ne kula da ƙanƙara, irin wadda masu sayar da zoɓo da kunun aya suke amfani da ita. Tana aiki in ledar a ɗaure take, ruwan ƙanƙarar bai shiga ba, amma ƙanƙara kuɗi ce, da azumi ma tsadarta ta fi. Mai iko ya yi. Wanda ba shi da iko, akwai hanyar da ba ta cin ko kwabo.

Hanyar ita ce a jinkirta wuƙa. Ba za a ce a daina yankawa ba, domin yankawar ce take sa mai ɗan canji a aljihu ya ɗanɗani kankana, ita ce kuma ribar mai sayarwa; wanda ya ce kowa ya sayi guda sukutum bai san aljihun mutane ba. Abin da ake nema shi ne a fasa ɗaya, in ta ƙare a fasa wata, maimakon a yanka duka da safe don tebur ya cika ido. Da azumi kuwa ba wanda zai ci kafin magariba, saboda haka babu dalilin yanka kafin la'asar. A wanke bayan kankana da ruwa mai tsabta kafin a sa wuƙa, wuƙar da faranti a wanke su da sabulu, ruwan a riƙa tsiyayowa daga buta ko jarka maimakon tsomawa a bokiti. A ajiye kaya a inuwa. Wanda ya samu akwatin gilashi irin na masu tsire da gurasa, ko babbar roba mai murfi da ake wankewa, zai iya jera yankan a ciki, sai an saya ya sa a leda ko a kwanon da mai saye ya zo da shi. Ledar da za ta tafi bola ta ragu, abincin kuma bai yi zufa ba. Abin da ya kwana, ko ya wuce awa huɗu a zafi, ba na sayarwa ba ne, ba kuma na sadaka ga almajiri ba ne. A nan mai sayarwa zai ce asara ce. Amma wanda yake yanka kaɗan-kaɗan shi ne ba ya kwana da yankakke, kankanarsa da ba a fasa ba tana nan lafiya har gobe. Wanda ya yanka duka da safe shi ne yake karya farashi da daddare.

Wa zai tsaya a kan wannan? Hukumar NAFDAC, tun kafa ta a 1993, ƙarfinta yana kan abin da aka sarrafa a masana'anta aka sa wa lamba, ba za ta zo teburin mai kankana a Zoza ko Zarewa ko Fulatan ba. Aikin na ma'aikatan duba-gari ne na ƙananan hukumomin Rogo da Karaye, tare da sarakunan kasuwa da shugabannin masu kayan marmari, waɗanda maganarsu ta fi takardar ofis shiga kunne. Masarautar Karaye, wadda tun 2024 ƙananan hukumomin nan biyu ne ƙasarta, tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni da za su iya isar da saƙo cikin mako guda, limamai kuma suna da mumbari kafin azumi ya kama. Ba kame ko tara ake bukata da farko ba, bayani ake bukata, domin yawancin masu sana'ar suna sa leda ne da kyakkyawar niyya, sun ɗauka sun gama tsafta.

Mai saye shi ma yana da nasa. Ledar da ta yi zufa a ciki, ko ruwa ya taru a gindinta, ko ta kumbura, ta daɗe a rana, a bar ta. In akwai wadda ba a fasa ba, a ce a yanka a gabanka. In an kai gida a sha a lokacin, kada a ajiye wa yara sai da safe. Kafin ka miƙa kuɗi, tambayi mai kankana ƙarfe nawa ya yanka ta.